Tutar Maƙwabcina Lado

Na san labarin da kuke bayarwa a kaina game da tutar da ta yi shekara da shekaru a ƙofar gidanmu na Alsawra a Umdurman. Daga bakin jikokina na ji shi, wato ya riga ya zauna ke nan. Kuna cewa ranar da maƙwabtanmu 'yan kudu suke loda kayansu za su bar ƙasar, ubanku ya fito ya ɗaga tuta a kan idonsu don murna. Ɗaga tutar a ranar gaskiya ne, ban taɓa musantawa ba. Sauran labarin ne ba ku sani ba, kuma ni ne na hana ku sani. Da Hausa zan rubuta shi don da ita nake tuna abu. Wanda Larabci ya cinye wa harshe a cikinku ya nemi mai karanta masa.

Kakana ya taso daga ƙasar Kano da ƙafa da niyyar hajji. Ya isa, ya juyo, ƙarfinsa ya ƙare a Jazira, ya zauna yana tsinkar auduga har ya rasu. Babana ne ya shigo Umdurman, ni kuma a nan aka binne cibiyata. A Kasuwar Umdurman na koyi ƙira da walda, na yi gadajen ƙarfe da ƙofofi da tagogi har idona ya fara gajiya. Duk da haka, in gardama ta haɗa ni da wani a kasuwa, kalmar ƙarshe da zai jefe ni da ita ita ce Fallati, wato baƙo daga yamma. Na saba da ita. Babana ya tarbiyyantar da mu a kan mu yi aikinmu, mu yi sallarmu, kada a ji muryarmu a inda ake maganar ƙasa. Gidanmu ba gidan tuta ba ne. Ban taɓa tunanin riƙe ta ba sai a shekarar da zan ba ku labarinta.

Katanga ɗaya ce ta raba mu da gidan Lado, katangar jar ƙasa wadda ba ta kai kafaɗata ba. A shekara ɗaya muka tare a hara ɗaya, wato unguwa ɗaya, lokacin da wajenmu fili ne da ƙaya, ruwa ma sai a kan jaki. Shi mutumin kudu ne, Kirista, dogo, marar yawan magana. Aikinsa farrash ne a makarantar firamare ta unguwa: shi ke buɗe ƙofa, shi ke share ofis, shi ke buga ƙararrawa, shi ke ɗaga tuta a layin da yara ke yi da safe. Dukanku kun tsaya a wannan layin kun ga hannunsa a kan igiya. Ammu Lado kuke ce masa, wato Baffa Lado. Matarsa, Umm Saiman, ɗinkin hannu take yi, furanni da tsuntsaye a kan zanen gado. Uwarku Asha kuwa godogodo, irin furarmu ta gero, take sayarwa a ƙofar gida. Akwai wani wuri a kan katangar da ya lotse ya yi santsi saboda yawan miƙa kwano. 'Yarsu Rejina da Zahra, babbarku, wata biyu ne tsakaninsu. Tare suka yi rarrafe, tare suka shiga makaranta, tare suka riƙa hawa hafla, ƙaramar bas, zuwa jami'a a Khartum. In ina neman Zahra ba na kiran sunanta, na Rejina nake kira ta kan katanga.

Sai shekarar da ƙasa ta rabu biyu ta zo. Ba zan ba ku labarin siyasa ba, kun fi ni sani. Abin da ya shafi layinmu shi ne, bayan ƙuri'ar raba ƙasa aka ce 'yan kudu ba 'yan ƙasa ba ne kuma, duk mai aikin gwamnati a cikinsu an sallame shi. Lado ya karɓi takardarsa a ofishin da ya share da safen ranar. 'Ya'yansa maza, Saiman da ƙanensa, ba su ɓoye murnarsu ba, ban kuma ga laifinsu ba. Yaƙin kudu ya ci musu dangi, har da ƙanen Lado uwa ɗaya uba ɗaya, wanda aka kashe a ƙauyensu. Saiman ya daɗe yana faɗa wa ubansa cewa shekara talatin yana ɗaga ƙyallen waɗanda suka kashe masa ɗan'uwa. Nakan ji su ta kan katanga.  Mu kuma Hausawan hara muna namu tunanin a ɓoye: in an gama da waɗannan, wa za a tambaya takardar kakansa? Yayana Musa ya sa aka fito da jinsiyyar kowa a gidan, wato takardar zama ɗan ƙasa, ya duba su ɗaya bayan ɗaya, ya mayar cikin jaka ya kulle.

Saura mako guda su tashi, Lado ya same ni a shago bayan la'asar. Bai taɓa zuwa shagona ba, sai na ɗauka gado yake so a kwance masa don lodi. Yana rungume da wani akwatin kwano irin na biskit, babba, fentinsa ya goge. Na kashe injin walda, na sa mai shayi ta kawo mana biyu. Ya jira ta koma kan kujerarta sannan ya buɗe akwatin a kan gwiwarsa. Tuta ce a naɗe, ja da fari da baƙi, koren kusurwar a sama. Tsohuwa ce, jan ya fara komawa launin bulo. Da Larabci muka yi maganar, irin nasa na kudu wanda zaman Umdurman bai gyara ba, amma zan juya muku ita yadda na tuna.

Ya ce, "Ta makaranta ce, ta da. Da aka kawo sabuwa shugaban makaranta ya ce a jefa wannan a sito. Na ce ya ba ni. Tun lokacin tana ƙarƙashin gadona."

Na ce, "To me zan yi da ita, Lado?"

"Ba zan iya tafiya da ita ba. In yaran nan suka gan ta a kayana za su ƙone ta a gabana, kuma a wajensu daidai suka yi. Jefarwa kuma ba zan iya ba."

"Ka mayar wa makaranta."

"Sun riga sun jefar da ita sau ɗaya."

Ya kurɓi shayi, ya ajiye kofin a kan maƙera.

"Ya Adam, abu biyu nake roƙo. Ranar da za mu tafi, da safe, ka ɗaga ta a ƙofar gidanka. Ina so in gan ta a sama kafin mota ta sha kwana. Ni ba zan iya ba. Kai za ka iya, ƙasarka ce."

Na yi dariya, na ce wannan magana ce da ban cika jin ta daga bakin mutane ba. Shi bai yi dariya ba.

"Na biyu, kada kowa ya san daga hannuna ta fito. Ko matarka. Balle Zahra, don abin da Zahra ta sani Rejina ta sani. Zan koma garin da rabona da shi tun ina saurayi, ba aiki, ba gona, a hannun yaran nan zan ci abinci. Ka bar ni in mutu suna ganin girmana."

Na ce, "Za su ce murna nake yi da tafiyarku."

"Za su ce."

"To?"

"Kai kana nan, kana da lokacin gyara sunanka. Ni ba ni da shi."

Na tambaye shi me ya gani a jikin ƙyallen nan bayan duk abin da aka yi wa mutanensa a ƙarƙashinsa. 

Ya ce, "Masu mulki sun canja sau nawa a kan idona, ban taɓa ɗaga wa ɗayansu ba. Yara ne ke tsaye, na Larabawa, na Nuba, naku, nawa, suna ta surutu. Ina jan igiya sai duk su yi shiru lokaci ɗaya. Shirun nan nake so."

Daga nan ya shiga koya mini, kamar yadda ni nake koya wa sabon ma'aikaci riƙe guduma. Ba a ɗaga ta sai rana ta fito, ba a barinta ta kwana a waje. Da sauri ake ɗagawa, a hankali ake saukewa. Kafin ta iso ƙasa ka tare ta da kafaɗa, kada gefenta ya taɓa turɓaya. Jan yana sama, kada ka juya. In ka ga sama ta yi ja daga gabas, habub ke zuwa, ka bar abin da kake yi ka sauke ta, don guguwar ƙura ke yaga baki. Wanki da ruwan sanyi, ita kaɗai, ba a murzawa, ba a matsewa, ba a sa mata maganin farin kaya, in ba haka ba jan zai zuba a kan farin. A inuwa ake shanya ta. In za a goge, a shimfiɗa wani ƙyalle a kai, dutsen guga kada ya yi zafi. Ya nuna mini naɗin sau biyu a kan gwiwarsa, ya sa na yi a gabansa. Ya ce bayan ranar tafiyarsu tawa ce, in yi yadda na ga dama, amma shi ya yi nadamar shekarun da ta yi a ƙarƙashin gado. Na amsa masa ba tare da dogon tunani ba. Na ɗauka fushin kwana biyu za a yi a wuce wurin. Washegari na yanki bututun ruwa mai kauri, na haɗa masa zobe a kai inda igiya za ta bi, na shafa masa farin fenti. Ana gobe za su tafi na haƙa rami a gefen babbar ƙofa na dasa shi da siminti. Asha ta tsaya da ludayi a hannu tana kallona.

Ta ce, "Abu Zahra, wannan fa?"

Na ce, "Sandar tuta ce."

"Tutar wa?"

"Ta ƙasa."

Ta dubi gidan su Lado, inda ake ta ɗaure kaya, ta dube ni, ta koma wajen tukunyarta.

Lorin ya iso bayan sallar asuba. Kosti zai kai su, daga can jirgin ruwa. An fara yayyafin damina a makon, layin ya yi laka. Maza suka loda gadaje, biyu a ciki ni na ƙera su, da kujeru da tukwane da buhunan dawa. Matan layin duk sun fito, ana rungume-rungume ana kuka. Zahra da Rejina suna zaune a kan wata adaka, hannunsu a haɗe. Da rana ta ɗago kan rufin gidaje na shiga ɗaki, na fito da tutar a kafaɗa, na ɗaura, na ja igiya da sauri yadda aka koya mini. Akwai 'yar iska, ta buɗe gaba ɗaya. Kukan matan ya tsaya. Saiman yana kan lori yana ɗaure igiya, ya miƙe tsaye.

Ya ce, "Ammu Adam, ba za ka jira ko mu bar layin ba?"

Na ɗaure igiyar tutar a jikin sandar. Ya tofar da yawu ta gefen mota, ya ci gaba da aikinsa. Na ga Rejina ta zare hannunta daga na Zahra, a hankali, ta tashi ta je ta tsaya kusa da uwarta. Umm Saiman ta dubi tutar, ta dubi mijinta, ta ja gefen tobin da ta yafa ta rufe baki. Lado yana gefen ƙofar direba. Ba wanda ke kallonsa sai ni. Ya haɗa ƙafafunsa, ya sauke hannayensa a gefe, ya ɗaga kai. Bai wuce tsawon karanta Fatiha ba. Sannan ya hau mota bai ba ni hannu ba. Ba mu shirya wannan ba, amma na gane dole ne. Wannan shi ne ganina da shi na ƙarshe.

Abin da ya biyo baya shi ne wanda na fi jinkirin rubutawa, don ba ya cikin alkawarin da na ɗauka. Lorin yana shan kwana sai Awad mai dukkan, wato kantin layinmu, ya tsallako daga ɗaya gefen, yana washe baki, ya kama hannuna da hannu biyu.

Ya ce, "Mabruk, ya Hajj Adam! Wallahi ka burge ni. Ashe kai ɗan ƙasa ne na gaske. Yau unguwa ta yi tsabta."

Zahra tana tsaye a bakin ƙofa, taku uku daga inda nake. Lado bai ce in karɓi wannan hannun ba. Ina iya zare nawa, in ce wa Awad ya ji tsoron Allah, waɗannan mutane sun fi shi zama maƙwabta, kuma da ban karya wa kowa alkawari ba. Sai na ce masa Allah ya yi albarka. Na haura shekara hamsin a garin nan ba wanda ya taɓa kirana ɗan ƙasa a tsakiyar titi, kuma da ya faɗa na ji daɗi. Bai daɗe ba, amma na ji. Don haka in kun ce ubanku ya yi murna a ranar, akwai ɗan wurin da ba ku yi ƙarya ba.

Da rana Zahra ta kawo mini abinci a ƙarƙashin rumfa, ta ajiye tire, ba ta tafi ba.

Ta ce, "Baba, me suka yi maka?"

Na ce, "Ba su yi mini komai ba."

"To ka sauke ta."

"Za a sauke ta kafin magariba. Haka ake yi."

"Gobe fa?"

"Gobe za a ɗaga."

Ta tsaya kaɗan, ta ɗauki butar wanke hannu ta matso mini da ita, ta tafi. Ba ta taɓa yi mini rashin kunya ba, ko a ranar ko bayanta. Tana gaishe ni, tana kawo mini shayi, in na aike ta ta je. Abin da ya canja shi ne ta daina bin babbar ƙofa, sai ƙaramar ta mata, ko da za ta zagaya cikin laka. Ta kuma daina zama in na zauna. A da ita ce ke ba ni labarin Khartum da malamanta da gardamar ɗalibai har in manta da shayina. Wannan ya ƙare. Yaya Musa ma ya zo a makon, ya tsaya a ƙarƙashin sandar yana kallon sama.

Ya ce, "Adam, kai da ake ce wa Fallati, kai ne za ka kafa wannan? So kake a zo a ce mu fito da takardun kakanmu? Babanmu haka ya koya mana?"

Na ce masa takarduna suna nan lafiya. Ya ce kaina ne ba lafiya. Ya yi wata uku bai tako gidan ba.

Kuna iya tambaya me ya sa ban mayar da ita akwati ba bayan safiyar farko, tunda safiya ɗaya aka roƙe ni. Na tambayi kaina. Da farko taurin kai ne: na ga in na sauke ta don an yi fushi, na amsa ke nan cewa murna na yi. Daga baya maganarsa ta ƙarƙashin gado ta riƙa dawo mini. Daga baya kuma ya zama aiki kawai, kamar buɗe shago. Na riƙa jiran rana ta fito kafin in kama hanyar kasuwa, in rufe shago da wuri don in riski magariba a gida, masu kawo aiki da yamma suka koma wajen wasu. Wata rana ina tsakiyar walda na ga gabas ta yi ja, na bar ƙofar mutum rabi a haɗe na hau raksha mai ƙafa uku, amma habub ta riga ni isowa. Na sauke ta ta yi futu-futu da ƙura. Na ɗebo ruwa a baho zan wanke, Asha ta karɓe daga hannuna, ta ce zan ɓata ta. Ta tsoma ta, ta ɗago, tana bin gefen da yatsa. Sai ta tsaya a kusurwar koren, inda aka taɓa yin faci. Ta kai shi kusa da idonta.

Ta ce, "Wannan ɗinkin na san hannun."

Ta shafa facin da yatsa.

"Shekara ashirin ina kwana a kan zanen da ta ɗinka mini. Haka take rufe zare, sau biyu ta koma baya."

Na ce, "Na yi alkawari, Asha."

"Zahra fa? Kana ganin yarinyar nan ta rame."

"In ta sani za ta kira Rejina a ranar. In Rejina ta sani Saiman ya sani. Tsohon nan a gidan Saiman yake."

Ta daɗe tana kallon ruwan, wanda ya yi ja-ja saboda ƙura.

Ta ce, "Zan riƙa wanke ta saboda matar da ta ɗinka. Bakina kuma zan kama. Amma ba daidai kuka yi ba, kai da shi. Maza biyu kun zauna a kasuwa kun yanke abin da 'ya'ya mata za su ɗauka."

Ta cika duka biyun har ta rasu. Duk wata take wanke ta, ta shanya a igiyar da ke ƙarƙashin rumfa, ta goge da dutsen gawayi ta kan tsohon mayafi. Iska tana cin bakin da ke kaɗawa, don haka duk shekara sai ta yanke abin da ya zare ta sake kalmasa. A haka tutar ta riƙa gajercewa. Usman, kai ne ka sayo mini sabuwa ta leda mai sheƙi daga kasuwa, na ce ka mayar, kuka ce tsufa ya fara taɓa ni. Da bikin Zahra ya zo, ta aiko uwarta ta roƙe ni kada a ɗaga tuta a kwanakin taron. Ban ɗaga ba. Ita ce buƙata ɗaya da ta nema a wajena a duk hidimar. Sunan Rejina kuwa ban ƙara jin sa a gidan ba. Na ɗauka wahalar layin waya ce tsakanin ƙasashen biyu, ban kuma bincika ba, don binciken ba zai yi mini daɗi ba.

Da yaƙin nan ya ɓarke a garinmu na sauke ta a makon farko, don ƙyalle a ƙofar gida ya zama amsar tambayar da masu bindiga ke yi. Na naɗe ta na mayar cikin akwatinta. Kuka watse, wasu Bortsudan, Zahra da mijinta Masar, ni na zauna. A watan jiya, a 'yar kasuwar hara, na ci karo da wani ɗan kudu mai suna Taban, wanda muka taɓa yin walda a layi ɗaya kafin rabuwa. Ya tafi da masu tafiya, rikicin can ya dawo da shi, na nan ya rutsa da shi. Shi ya gaya mini Lado ya rasu a Juba shekarun baya, a gidan Saiman, 'ya'yansa suka yi masa jana'iza ta girma. Umm Saiman ta bi shi ba da daɗewa ba. Rejina kuwa ya ji an ce ta ƙetara iyaka da 'ya'yanta lokacin rikici, bai san ta wane gefe ba, amma ya ce akwai wata 'yar cocinsu da watakila ta sani. Na yi masa godiya, muka rabu. Ban tambaye shi inda yake kwana ba. Hankalina yana kan cewa alkawarin ya sauka daga wuyana.

Washegari da hantsi na je inda ake samun layi na kira Zahra. Na ba ta labarin tun daga shayin shago har zuwa hannun Awad, ban rage ba. Ba ta katse ni ba har na gama. 

Sai ta ce, "Baba, Rejina ta kira ni daga Kosti. Kwana uku suna jiran jirgi tana kirana. Ta kira daga Juba. Shekara guda tana kira."

Na ce, "Me ta ce?"

"Ban ɗauka ba. Ko sau ɗaya. Me zan ce mata? In ce ubana ba haka yake ba? Da idona na gan ka."

Na ce mata ban sani ba. Ta ce ta san ban sani ba, don ban tambaya ba.

"Ammu Lado ya faɗa maka abin da yake so, ka yi masa. Allah ya ba ka lada. Ni ba wanda ya tambaye ni."

Na ce haka ne.

Ba ta yi kuka ba, ko kuma ta yi bayan ta ajiye waya. Ta tambaye ni ko ina shan maganina, ko akwai ruwa a famfo. Sannan ta ce in ba ta lambar Taban. Na ce ban karɓa ba, ban ma san ko yana da waya ba.

Ta ce, "To ka nemo shi, Baba."

Yau kwana goma sha tara ke nan ina zuwa 'yar kasuwar nan da safe. Nakan zauna a bencin mai shayi, daura da inda na gan shi, har rana ta take. Masu rumfuna sun san wanda nake nema. Ɗaya ya ce ya gan shi wajen masu gawayi, wani ya ce ya bi mota zuwa kudu. Kowace Juma'a Zahra tana kira, kuma bayan gaisuwa tambayarta ɗaya ce. Ina ce mata tukuna.